"Jininka ya yi ƙasa": fashin baƙi kan lambar Hb da PCV a takardar gwaji

Yawancinmu idan muka karɓo takardar gwajin jini daga lab ko buɗe ta ba ma yi, a ninke muke miƙa wa likita, shi kuma ya ɗan kalla ya ce jininka ya yi ƙasa, ya rubuta magani, shikenan. Daga nan sai 'yan gida su karɓi aikin, wannan ya ce a sayo maltina da madarar gwangwani, waccan ta ce a dafa zoɓo da karan dafi, wani kuma ya ce ai gara a ƙara masa leda ɗaya kowa ya huta. Da wuya ka ji wanda ya tambaya nawa ne lambar, balle a kai ga tambayar me ya saukar da ita. Alhali ƙarancin jini ba cuta ba ce mai zaman kanta, alama ce ta cewa akwai wani abu a wani wuri, kuma wannan abun shi ya kamata a nemo.

Bari mu fara da abun da ake aunawa. Himogulobin, wanda za ka ga an rubuta Hb ko HGB a takarda, furotin ne da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, shi ne ma ya sa jini ya zama ja. Aikinsa ya ɗauko iskar oksijin daga huhu ya kai ta ƙwaƙwalwa da zuciya da tsoka da ko'ina, har jaririn da ke cikin mahaifa. Kowane himogulobin ɗaya yana da gurbi 4, kowane gurbi da ƙwayar sinadarin ƙarfe a ciki, wato ayon, kuma jikin wannan ƙarfen iskar take maƙalewa. Ƙwayar jini ɗaya tak tana ɗauke da himogulobin wajen miliyan 270. Ɓargo ne yake ƙera ƙwayoyin, ƙoda ce take aika masa saƙo da wani sinadari mai suna eritropoyetin duk lokacin da ta ji iska ta ragu, ƙwaya ta yi kwana kamar 120 tana zagaye, in ta tsufa saifa ta cire ta, jiki ya tattara ƙarfen ya sake amfani da shi. Ka riƙe wannan zagayen, don duk matsalar da za mu zo kanta a ɗaya daga cikin wuraren nan take faruwa.

A asibitocin Najeriya da yawa, musamman wajen awon ciki, PCV za ka fi ji ana faɗa maimakon Hb. Ga yanda ake yinsa: a huda yatsa, a ɗibi jinin a wani siririn bututun gilashi, a toshe gindinsa, a jera shi cikin inji a juya shi da ƙarfi kamar minti 5. In ya fito za ka ga ya rabu uku, ja a ƙasa, wani ɗan siririn farin layi a tsakiya, sai ruwa mai rawaya-rawaya a sama. Sai ma'aikacin ya ɗora bututun a kan ma'auni ya karanta kashi nawa cikin 100 jan ya cinye. Wannan shi ne PCV, in kuma babban inji ne ya buga takardar zai rubuta HCT, duk abu ɗaya ne. Lissafin da ake yi da ka shi ne PCV ya kai Hb sau 3, wato mai Hb 10 PCV ɗinsa zai kai wajen 30. Shi ya sa za ka ji mata biyu a layin awo, wannan ta ce nata 27 ne waccan ta ce nata 9 ne, mai 9 ta tashi hankalinta, alhali kusan matsayi ɗaya suke. Sannan a duba ma'aunin da ke gefen lambar. Yawanci g/dL ne, amma wasu injina g/L suke bugawa, sai ka ga 120, to 12.0 ke nan. A Nijar gwajin gaba ɗaya NFS ake rubuta shi a takarda, a Najeriya FBC.

Yanzu ga wurin da ya fi rikita mutane. Gwajin nan ba ya auna yawan jinin da ke jikinka gaba ɗaya, wanda ga babban mutum ya kai wajen lita 5. Kauri yake aunawa, wato giram nawa na himogulobin ke cikin ɗan ma'aunin jini. Ka ɗauki jug na zoɓo ka tuttula masa ruwa, kalar za ta dusashe duk da ba ka rage ganyen zoɓon da ka dafa ba, in kuma ka bar shi a wuta ruwan ya ƙone sai ya yi jajir. Haka jini yake. Yaron da ya kwana yana amai da gudawa za a iya aunawa a ga PCV ɗinsa lafiya lau, sai an yi masa ƙarin ruwa leda biyu a sake aunawa a ga ya faɗi, uwa ta ce ruwan asibiti ya tsinka wa ɗanta jini, alhali dama can ƙasa yake, bushewar jiki ce ta ɓoye shi. Wanda ya yi haɗari yana zubar da jini, ko matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, in aka auna a awar farko lambar za ta iya fitowa daidai, sabida ja da ruwa tare suka fita, sai bayan awanni jiki ya jawo ruwa cikin jijiyoyi sannan lambar ta nuna gaskiya. Don haka a irin wannan halin likita ba ya zama jiran takarda, bugun zuciya da awon hawan jini da yanayin mutum yake kallo. Ko ɗibar jinin ma tana iya ɓata lissafi, in aka matse yatsa da ƙarfi ruwan tsoka ya gauraya, ko aka ɗiba a hannun da ake ƙarin ruwa, lambar za ta fito ƙasa da yanda take.

To nawa ne daidai? Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakoki tun 1968, ta sake duba su a 2024. Namiji daga shekara 15 zuwa sama, ƙasa da 13 ƙarancin jini ne. Mace mara ciki ƙasa da 12. Mai ciki ƙasa da 11, amma a watanni ukun tsakiya an sauko da shi 10.5. Yaro ɗan wata 6 zuwa wata 23 ƙasa da 10.5, daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5 ƙasa da 11, ɗan shekara 5 zuwa 11 ƙasa da 11.5, ɗan 12 zuwa 14 ƙasa da 12. Mai tsanani kuwa, ga babba shi ne ƙasa da 8, ga mai ciki da yaro ƙasa da shekara 5 ƙasa da 7. Ta sama kuma yawancin lab suna tsayawa wajen 17 ga maza, 15 da ɗoriya ga mata, kowane lab da ɗan bambancinsa, za ka gan shi a rubuce a gefen sakamakonka. Bambancin maza da mata ya zo ne daga sinadarin mazantaka da ke zuga ɓargo, da kuma jinin al'ada da mace ke rasawa duk wata.

Dalilin da ya sa aka sassauta wa mai ciki shi ne ruwan jininta yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, su kuma jajayen ƙwayoyin ba sa ƙaruwa har haka, sai jinin ya tsinke, kuma hakan shiri ne na jiki don jini ya riƙa ratsa mabiyiya cikin sauƙi. Amma fa kada wannan ya zama uzuri. Ciki ɗaya yana cin ƙarfe wajen miligiram 1,000, ita kuma hanji a rana ta yau da kullum miligiram 1 zuwa 2 kawai yake iya tsotsa daga abinci, duk da yana ƙara ƙoƙari lokacin ciki. Matar da ta shiga naƙuda da Hb 12 ta zubar da rabin lita za ta tashi ta yi wankan jego, wadda ta shiga da 7 ta zubar da daidai wannan adadin tana iya tafiya. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa duk maigidan da matarsa ke zuwa awo ya riƙa tambayarta lambar, ba wai kawai an ce lafiya lau ba.

Jariri sabon haihuwa Hb ɗinsa sama yake sosai, 17 ko 18 ba abun mamaki ba ne, daga nan ya yi ta sauka har wajen wata 2 zuwa 3 ya kai 10 ko 11, sannan ya daidaita. Ƙarfen da ya zo da shi daga ciki yana kai shi wajen wata 6, shi ya sa ake son ungozoma ta jira minti 1 zuwa 3 kafin ta ɗaure cibiya don jinin mabiyiya ya gama shiga jikinsa, kuma shi ya sa yaron da aka yaye da koko zalla yake yin fari. Wurin zama ma yana da tasiri. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, Gembu a tsaunin Mambila ta fi haka, iska ta fi sirantaka a can, jiki sai ya ƙara himogulobin don ya rama, to 12 ɗin mace a Gembu ba daidai yake da 12 ɗin mace a Sakkwato ba, ana ɗan rage wani abu kafin a yanke hukunci. Mai shan sigari ko shisha shi ma lambarsa tana hawa, ba don lafiya ba, sai don hayaƙin yana da iskar kabon monoksayid wadda take kama himogulobin fiye da oksijin sama da sau 200, ta mamaye gurbin. Ita ce dai iskar da ke kashe iyali guda in an kwana da janareta a cikin gida ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, kuma in ka auna Hb ɗinsu za ka same shi cif-cif, yana nan amma ba ya aiki.

Masu sikila nasu lissafin daban ne kwata-kwata. Ƙwayar jininsu kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe maimakon 120, don haka mai SS yana lafiyarsa ƙalau yana zuwa makaranta da Hb tsakanin 6 da 9. Abun da ya kamata iyaye su sani shi ne lambar ɗansu ta kullum, lokacin da ba ya ciwo, su rubuta ta a bayan katinsa. Yaron da ya saba zama a 8 in ya dawo 6 wannan maganar gaggawa ce, musamman in cikinsa ya kumbura ta gefen hagu, don saifa tana iya tattare jinin cikin 'yan awanni. Kuma ba a ba su ƙwayar ƙarfe haka kawai, nasu ba rashin ƙarfe ba ne, wanda aka sha yi wa ƙarin jini ma ƙarfen yawa yake yi masa har ya taɓa hanta da zuciya. Folik asid ake ba su, wani bitamin ne da ɓargo ke buƙata wajen ƙera jini. Shi kuwa mai AS, wanda kusan mutum 1 cikin 4 ne a Najeriya, jininsa ba ya sauka sabida AS, in aka ga 9 a wajensa a nemi dalili a wani wuri.

Tunda an zo nan, gwaje-gwaje uku ne ake cakuɗawa. Gwajin jinotayif da ake yi kafin aure nau'in himogulobin yake dubawa, A ne ko S ko C, ba yawansa ba. HbA1c na masu ciwon suga ne, yana nuna yanda suga ya kasance a watanni 2 zuwa 3 da suka wuce, daga 6.5 ake cewa akwai ciwon. Shi kuma awon da ake ɗaura maka a damtse ƙarfin bugun jini a jijiya yake aunawa, babu ruwansa da Hb. Mutum yana iya samun hawan jini da ƙarancin jini a lokaci ɗaya, masu ciwon ƙoda da masu ciki da yawa haka suke.

Wani abu kuma, jiki ya fi damuwa da saurin saukar fiye da lambar kanta. Matar da jininta ya ɗauki shekara yana sauka a hankali za ka same ta da Hb 7 tana daka tana ɗebo ruwa, sai dai ta ce tana yawan jin kasala da jiri da faɗuwar gaba, in ta hau bene ta yi haki, wataƙila tana kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara. Jikin ya saba, zuciya ta ƙara gudu tana rufe giɓin. Wanda ya sauka daga 14 zuwa 9 a kwana ɗaya kuwa zai iya sumewa. Jan fatar ido ta ƙasa a leƙa, da duba tafin hannu da harshe, suna da amfani, amma sai abun ya yi nisa suke nunawa, mai 9 ko 10 idonsa yana iya fitowa da ɗan jansa. Alamun da ba a kwana da su a gida: haki alhali mutum yana zaune, kumburin ƙafa tare da fari fat, ciwon ƙirji, suma, yaro ya kasa kama nono ko numfashinsa ya riƙa fita da sauri da zurfi.

Matsalar ba ƙarama ba ce a wajenmu. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu yara 68 cikin 100 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, mata 'yan shekara 15 zuwa 49 kuma 58 cikin 100. A duniya baki ɗaya ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya wajen 40 ne ga yara, 30 ga mata.

To ina jinin yake tafiya? Hanya uku ce: ko yana zuba, ko yana fashewa, ko ɓargo ba ya ƙerawa yanda ya kamata.

Zubar da ake gani ba ta da wuyar ganewa, haihuwa, ɓari, haɗari, basur mai jini, al'adar da take wuce kwana 7 ko take zuwa da gudaji har mace ta riƙa canza ƙunzugu duk awa ɗaya ko biyu, wanda sau da yawa ƙarin mahaifa ne ke jawo shi, ga kunika, ciki kan ciki jiki bai mayar da abun da ya rasa ba. Wadda ba a gani ita ce mai haɗarin. Duk mililita 1 na jini da ya fita yana tafiya da ƙarfe wajen rabin miligiram, kaga ɗigon cokali ɗaya a rana ya fi ƙarfin abun da hanji ke tsotsa. Tsutsar ciki mai ƙugiya tana shiga ta tafin ƙafar mai yawo ba takalmi a ƙasa mai laima, ta maƙale a hanji tana shan jini. Tsargiya tana fitar da shi ta fitsari ga yaran da ke wanka a kududdufi da madatsar ruwa. Sai kuma wanda nake ganin mun fi sakaci da shi, maganin ciwon jiki. Dikulofenak, ibuprofen, firoksikam, asfirin, waɗanda lebura da manomi da ɗan acaɓa ke haɗiya kullum da yamma daga hannun mai talla, sau da yawa biyu ko uku a haɗe a ƙulli ɗaya, suna cinye bangon ciki su jawo gyambo mai tsiyayar jini. Alamarsa bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da mugun wari. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, duk namiji babba ko macen da ta daina al'ada da aka samu da ƙarancin ƙarfe, a ɗauka jini yana zuba a cikinsa har sai an tabbatar ba haka ba, don wani lokacin dajin hanji da haka yake fara sallama. Dattijo mai shekara 60 da Hb 9 a ba shi kwalbar maganin ƙarin jini a sallame shi, wannan ba magani aka yi ba, lokaci aka ɓata masa.

Fashewa kuma babbar mai laifin maleriya ce, ƙwayar cutar cikin jajayen ƙwayoyin take zama ta hayayyafa ta fasa su, saifa kuma ta haɗa da masu lafiya ta share, shi ya sa sashen yara ke cika da masu neman jini daga tsakiyar damina zuwa kaka. Yaron da maleriya ta kai Hb ɗinsa ƙasa da 5 ana lissafa shi cikin mai tsanani ko da zazzaɓin ya sauka. Akwai kuma masu ƙarancin wani sinadari da ake kira G6PD, gado ne, ya fi kama maza, kuma yana da yawa a Afirka ta Yamma. Suna lafiya lau sai sun haɗu da wasu magunguna, ko kafur ɗin da ake sawa a akwatin kayan jariri, ko lalle a jikin jinjiri, sai jinin ya fashe lokaci guda, ido ya yi shawara fitsari ya yi duhu.

Rashin ƙerawa yawanci rashin kayan aiki ne, ƙarfe, folik asid, bitamin B12. Amma yana iya zama ƙoda ce ta gaza ta daina aika saƙo, ko doguwar cuta irin tarin fuka da ƙanjamau ta sa jiki ya kulle ƙarfensa, ko guba, kamar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, wadda cikin ɓarnarta har da hana haɗa himogulobin. Kuloramfenikol da wasu ke sha da kansu wai maganin taifod yana iya kashe ɓargo, ba kasafai ba, amma in ya faru abun babu daɗi.

A nan ne cikakken gwajin ya fi PCV zalla, don yana ba da alamar hanyar da za a bi. Ka nemi layin da aka rubuta MCV, girman ƙwayar jini ke nan, daidai shi ne 80 zuwa 100. In ya yi ƙasa ƙwayoyin ƙanana ne, an fi zargin rashin ƙarfe, ko da yake akwai masu gadon talasemiya mai sauƙi, wata matsalar haɗa himogulobin, da nasu ƙanana ne tun haihuwa kuma ƙarfensu lafiya lau. In ya haura 100 a duba B12 da folik asid, da giya, da ciwon hanta, da magunguna, misali wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metfomin B12 ɗinsa kan ragu. In yana tsakiya a tuna da ƙoda da doguwar cuta da zubar jini ta kwanan nan. Sannan a kalli WBC da PLT, fararen ƙwayoyi da masu daskarar da jini. In Hb kaɗai ya sauka magana ɗaya ce, in duka ukun suka sauka tare ko fararen suka yi mugun hawa, wannan na likitan jini ne kuma ba a jinkiri. Gwajin da ke nuna ajiyar ƙarfe sunansa feritin, ƙasa da 15 ga babba rumbu ya ƙare, sai dai yana hawa in akwai zazzaɓi ko kumburi a jiki, ya ruɗi mutum. Kuma ajiyar tana ƙarewa tun kafin Hb ya fara sauka, don haka mace tana iya fama da kasala da zubar gashi da Hb 12.

In an tabbatar rashin ƙarfe ne, maganin mai arha ne, jar ƙwayar nan ta feros salfet da ake rabawa a awo, mai miligiram 200 tana da tsantsar ƙarfe wajen 65. Tana sa bayan gida ya yi duhu, tana iya sa tashin zuciya ko taurin bayan gida, wannan ne ke sa mata da yawa su zuba ta a ƙasan katifa su ce sun sha, wasu kuma suna tsoron wai tana sa jariri ya yi ƙato a sha wuyar haihuwa, wanda ba haka ba ne. In tana wahalar da ke ki faɗa, likitoci da yawa yanzu sau ɗaya a rana suke rubutawa ko a sha yau a tsallake gobe, akwai kuma ta jijiya ga wadda ta kasa. Kada a haɗiye ta da shayi ko madara ko maganin olsa mai kashe tsami, suna hana ta shiga, a ba da tazarar awa 2, a sha da ruwa ko da ruwan lemon zaƙi. In tana aiki, cikin sati 3 zuwa 4 Hb zai hau da 1 zuwa 2, in bai motsa ba ko ba a sha ba ne, ko jini na ci gaba da zuba, ko dama ba ƙarfe ba ne matsalar. Bayan lambar ta dawo daidai a ci gaba wata 3 don ajiya ta cika. A ɓoye ta daga yara, ja ce mai santsi suna ɗauka alawa ce, kuma in yaro ya haɗiye da yawa tana kisa.

Maltina da madara kuwa, suga ne da ƙarfin jiki na ɗan lokaci, madara tana cikin abincin da ƙarfe ya fi ƙaranci a ciki, kalsiyam ɗinta ma tare shi yake yi. Jan kalar abun sha ba shi ke zama jini ba. Kuɗin da za a kashe a katan ɗaya gara a sayi hanta da nama da kifi, don ƙarfen jikin dabba ya fi saurin shiga, sai dai mai ciki kar ta yawaita hanta sabida yawan bitamin A. Wake, zogale, alayyahu, gero, daddawa duk suna da shi, amma nasu yana buƙatar taimako, a matsa lemon tsami, a ci da tumatir ko gwaiba, a ɗaga shayin zuwa bayan awa ɗaya ko biyu da cin abinci. Abinci yana tsare mutum daga faɗawa, amma wanda ya riga ya kai 8 da wuya abinci kaɗai ya fito da shi a kan lokaci.

Ƙarin jini ceton rai ne in an kai wurin, amma ba kowace ƙaramar lamba ce ke buƙatarsa ba. Leda ɗaya tana ɗaga Hb ɗin babba da kamar 1, PCV da kamar 3. Ga babban da ba ya zubar da jini kuma yana cikin hayyacinsa yawanci sai ya sauka ƙasa da 7 ake tunaninsa, mai ciwon zuciya 8, ga yara a yankunan maleriya 4 zuwa ƙasa, ko 4 zuwa 6 in akwai wahalar numfashi ko gushewar hankali. Dole a tace jinin daga ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, a kuma gwada dacewarsa. Wanda ya daɗe da ƙarancin jini a hankali ake sa masa, in aka yi sauri zuciya ta kasa ɗauka ruwa ya taru a huhu. Ba a so miji ya ba matarsa da ke cikin shekarun haihuwa jininsa ko da rukuninsu ɗaya, don jikinta yana iya ƙera garkuwar da za ta yaƙi jinin jaririn da za ta ɗauka nan gaba, ya bayar dai a musanya da na wani. Kuma a roƙi a ɗebi samfurin binciken dalili kafin a ɗaura ledar, don bayan an sa jinin wani, ko jinotayif aka gwada sai ya ruɗa har wajen wata 3.

Saura in lambar ta yi sama, sama da 16.5 ga namiji ko 16 ga mace. Mutane suna murna da wannan wai jini ya cika, amma jini mai kauri yana tafiya da ƙyar kuma yana saurin yin guda, ya jawo shanyewar ɓarin jiki ko toshewar jijiya. Abu na farko a tambaya ko akwai bushewar jiki lokacin da aka ɗiba, azumi a bazara ko gudawa, a sha ruwa a sake gwaji bayan 'yan kwanaki. In ya nace a sama sai a duba sigari da shisha, ciwon huhu, ciwon zuciya na haihuwa, minsharin da numfashi ke ɗaukewa a barci, allurar sinadarin mazantaka wato testosteron da wasu samari masu ɗaga ƙarfe ke yi, da ƙari a ƙoda. In duk babu, akwai cutar ɓargo mai suna folisaitimiya bera, mai sa ciwon kai da jan ido da ƙaiƙayi bayan wanka da ruwan ɗumi, ana gano ta da gwajin ƙwayar halitta mai suna JAK2. Maganinta ana zuƙe jini a asibiti da ma'auni, ana bin lambar har PCV ya dawo ƙasa da 45 a riƙe shi a nan, ƙahon wanzami ba ya maye gurbin wannan don ba a san adadin da ya fita ba kuma babu mai sake aunawa.